Ruwan Da Na Zuba A Kwalbar Dakta

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu wanda bai bar ni ba. Sunana Rifkatu. Da yawanku kun san ni a kantin magani, wasu kuma sun san mahaifiyata tun muna zaune a Jega Firchin. Abin da zan faɗa yau na daɗe ina riƙe da shi, kuma ba shi da daɗin faɗa. Ku yi haƙuri da ni.

Lokacin jiharmu ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba, ina karatun harhaɗa magunguna a jami'a. Aka zo shekarar da ake tura ɗalibi wurin aiki don ya koya da hannunsa. Abokaina suka tafi manyan kamfanoni a Legas da Kaduna. Ni kuwa aka haɗa ni da wani malaminmu, Dakta Bello, wanda ya kama hayar gida a Jega, kan hanyar Maiyama, ya mai da shi ɗakin bincike. Yana nazarin itatuwan da masu ɗori na ƙasar Aliero suke sauke kumburi da raɗaɗi da su. Na yi murna, na ce ga ni kusa da Mama.

Ashe ban san aikin ba!

Ran Litinin mu hau bayan akori-kura zuwa Danwarai, wurin Malam Sahabi, wani dattijo manomin albasa kuma mai ɗori. Shi ke shiga daji da mu, ya nuna mana sassaƙe da saiwa. Mu dawo mu shanya a inuwa. Wuta ba ta zama, injin niƙa yana nan kamar ado, don haka ni ke daka a turmi. In jiƙa, in tace, in dafa har ya yi kauri. Sannan ga fararen ɓeraye cikin keji, in ba su abinci, in share kashinsu, in ba su magani, in riƙa auna kumburin ƙafarsu awa bayan awa. Warinsu har cikin gashina. In na koma gida Mama takan ce, "Je ki yi wanka tukuna, sai mu gaisa."

Wata uku ban cika ba bayana ya riƙe. In na sunkuya, miƙewa sai da dafa bango.

To, a ɗakin akwai wata kwalba mai ruwan ƙasa cikin kabad. Magani ne mai ƙarfi na kashe raɗaɗi, irin wanda ba a bayarwa sai da takardar likita. Amfaninsa shi ne gwaji: a ba wasu ɓeraye maganin Malam Sahabi, a ba wasu na kwalbar, a ga wanda ya fi aiki. Dakta yana yawan tafiya Sakkwato koyarwa, sai ya bar mini makulli. Ya ce, "Rifkatu, na ga ke mai tsoron Allah ce. Riƙe."

Wata rana da azahar, bayan na gama daka, na buɗe kabad ɗin. Na ce cokali ɗaya kawai, don in iya ƙarasa aiki. Ni fa ɗalibar magani ce, na san abin da yake yi wa mutum. Na sani sarai, na sha.

'Yan'uwa, ciwon ya tafi. Gajiyar ta tafi. Har haushin da nake ji na cewa abokaina suna can cikin farin kaya ni ina nan ina daka kamar mai aikatau, shi ma ya tafi. Kashegari na sake. Kafin wata guda, ko bayana ba ya ciwo sai na sha. In ban sha ba hamma, hawaye, ciwon ciki. Da na ga kwalbar tana sauka, sai na riƙa cika ta da ruwa.

Ina zuwa sujada kowace Lahadi, ina cikin mawaƙa. Bakina yana motsi, zuciyata tana wurin makulli.

Mutum na farko da ya lura Malam Sahabi ne. Muna zaune gindin wata bishiya a bakin gonarsa, ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, mi as same ki? Idon nan naki ba na mai lahiya ba ne." Na ce rana ce, Baba. Ya miƙo mini ruwa a kwano. Ni kuwa ban iya kallonsa ba.

Sai ga abin da ban yi tunani ba. Da yake kwalbar ta zama kusan ruwa zalla, ɓerayen da ake ba maganin cikinta ba sa samun sauƙi. Na Malam Sahabi kuwa suna ɗan samu. A takarda sai ya fito kamar sassaƙen dattijon nan ya ninka maganin Turawa ƙarfi. Dakta ya dawo ya duba littafin da nake rubuta awo, ya cire tabarau ya goge ya sake mayarwa. Ya ce, "Rifkatu, kin san abin da muka samo kuwa? Shekara nawa ina neman wannan!" Ya ce zai rubuta rahoto ya kai taron masana, har da sunana a ciki. A ranar ya tuƙa mota har Danwarai ya yi wa Malam Sahabi albishir.

Na koma gida. Na san in rahoton ya fita, wata rana za a ba mai karaya wannan magani a ce ya wadatar, ya kwanta yana ihu. Na kuma san in na yi magana, karatuna na iya ƙarewa a nan. Kwana huɗu ina jujjuya abin, kuma kowace rana a cikinsu sai da na sha.

Ran Juma'a da hantsi na kasa zuwa aiki. Na tarar da Mama tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na zauna ƙasa kusa da ita na faɗa mata duka. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye faifan, ta kama hannuna, muka durƙusa a nan kan siminti.

Ban iya doguwar addu'a ba. Abin da ya fito kawai shi ne, "Yesu, na gaji. Na gaji da sha, na gaji da ƙarya. Ba ni da ƙarfin dainawa. In ba kai ka ɗaga ni ba, a nan zan zauna." Mama tana ta cewa amin tana kuka. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Amma da na tashi, tsoron Dakta ya fita daga raina. Na sa takalmi na tafi.

Na ajiye masa makulli a kan tebur, na gaya masa. Ya ce, "Wata bakwai, Rifkatu. Wata bakwai na aiki." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauko rahoton da ya fara ya sa a aljihun tebur. Ya ce, "Ba zan ɓoye wa makaranta ba. Amma zan gaya musu da ƙafarki kika zo."

Sati biyu na yi a kwance, amai, zawo, rawar jiki. Wata ma'aikaciyar jinya daga ikilisiyarmu tana zuwa duba ni, matan zumunta suna karɓa-karɓa wajen zama da ni. Sau nawa na ce wa Mama mutuwa zan yi! Ban mutu ba. Yabo ga Ubangiji!

Makaranta ta ce in maimaita shekarar. Abokaina suka gama suka bar ni. Na koma wurin turmin nan da ɓerayen nan, muka sake komai daga farko, makulli yana aljihun Dakta. Da sakamako na gaskiya ya fito, maganin yana sauke kumburi, amma bai kai na kwalba ba.

Ni na roƙa a bar ni in je in faɗa wa Malam Sahabi da bakina. Na same shi yana ban ruwa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "To ɗiyata, ni dama ban ce ya hi nasu ba. Ku kunka ce. Ke dai kin samu lahiya?" Na ce na samu, Baba. Ya ce, "Madalla," ya ci gaba da aikinsa.

Tun daga ranar da muka durƙusa da Mama ban sake kai shi bakina ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai ranakun da gajiya ke yawa, sha'awar ta taso. Sai in fita waje in kira sunan Yesu har ta wuce, kuma tana wucewa.

Na gode wa Allah da ya fitar da ni, na gode wa waɗanda suka zauna da ni ina amai. In akwai wanda ke zaune a nan yana ɓoye wani abu har ya gaji, kada ka jira sai ka yi ƙarfi. Ni ba ni da ko kaɗan ranar da na zo gare shi, kuma ya karɓe ni. Ka dogara gare shi, ka buɗe baki ka faɗa wa wani yau. Amin.