Ruwan da Ke Tsare Gonar Yayana Ya Janye

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hajara daga unguwar Dawaki, Gombe.

Lokacin da kowa ke rububin aikin gwamnati, yayana Sale ya koma noma a wani ɗan tsibiri can cikin tafkin Chadi. Na taɓa zuwa a kwalekwale. Wurin bai kai unguwarmu girma ba, ba dutse, ba babbar bishiya, sai baƙar ƙasa mai laima. Masara da wake suke shukawa, kuma ba mai yin shinge, tunda ruwa ya kewaye su.

Da farin nan ya zo, ruwa ya janye. Shanu suka tako da ƙafa suka cinye gonakin tas. Kowa ya watse, shi ya ƙi. Na je na ce, "Yaya, taho mu koma gida." Ya ce, "Hajara, in ruwan ya dawo ya tarar ba kowa fa?"

Na baro shi yana liƙe kwalekwalensa a kan busasshiyar ƙasa. Jama'a, ku ba ni shawara, me zan gaya wa Innarmu? Kullum sai ta tambaye ni ko masarar Sale ta nuna.