Yadda Na Ɗauke Jikana Daga Cikin Bargo

Salamu alaikum, mai karanta wasiƙu. Ni ce Hajara ungozoma daga Mallawa. Muna jin ku a akwatin rediyon da kwamanda, mai mulkin yankinmu, ya kafa bakin kasuwa.

Ran Laraba da asuba na leƙa ɗakin Indo, matar ɗana. Barci ya kwashe ta tana shayarwa, jikana ya kife cikin bargo, yana numfashi da ƙyar. Na ɗaga shi, ya tsala kuka.

Indo ta ce, "Inna, sanyi nake jiye masa."

Na ce, "Sa masa riga, ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa kusa da ke, fuska buɗe."

Yanzu bayan magariba ana yi masa wanka, ya sha nono, sai barci lafiya lau. Masu jego, ku yi haka. Ina gaida Indo da ta ji magana.