Ran da Aka Yi wa Jikana Aiki, Ran Nan Aka Sallame Shi

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Daga Tudun Wadar Zariya nake rubuto maka da hannuna, domin bara na koyi boko a ajin manya.

Jikana Habu, ɗan shekara biyu, fitsari ya tsaya masa, gabansa ya kumbura, yana ta ihu. Wanzami ya ce bai isa kaciya ba, ba zai taɓa shi ba. Muka kai shi asibiti da safe, likita ya yi masa aiki. Kafin la'asar malamin asibiti ya miƙo mini shi, ya ce mu tafi gida.

A unguwarmu, wanda asibiti ya sallama da wuri, an fid da rai da shi ne. Na ce wa malamin asibitin, "Ɗana, gaya mini gaskiya, zan jure." Ya ce, "Haba Baba! In ya yi fitsari kafin magariba, shi ke nan. In bai yi ba, ko jini ya zuba, ku dawo da gudu."

A gida kakarsa tana kuka, maƙwabta suna shigowa shiru. Na ɗora shi a cinya, ina kallon rana tana sauka. Ladan na ɗaga murya sai na ji ɗumi. Ya jiƙa mini riga sharkaf! Ban taɓa sake riga ina hamdala haka ba.

Yau yana guje-guje, amma gabana bai daina faɗuwa ba. Masu sani su gaya mini, haka ake yi ko'ina? A gaishe mini da abokan ajinmu na Gyallesu.