Giwan Ruwa Daga Tafkin da Ya Mutu

A tashar Argungu, wata mata da ke jiran motar Birnin Kebbi ta tsaya kan wani tsoho mai daron kifi.

"Baba, wanga giwan ruwa na ina ne?"

"Na tafkin bayan gari ne, Hajiya."

"Haba Baba, nan aka haife ni. Tafkin da ko kwaɗo ya daina kuka cikinai?"

"Shi fa. Ɗaga ki ji nauyi."

"To, mi ya kashe tafkin da can?"

"Maganin ciyawa. In an gama feshin shinkafa, sai a wanke injin cikin ruwan. Muka haƙa rami nesa da gaɓa, muka ce duk mai wanki ya tafi can. Damina uku ke nan. Yau da na jefa ragar birgi, sai da mutum biyu suka taya ni ja."

"Allah ya isa ga wanda ya faro wagga ɓarna. Kun gano shi?"

"Mun gano shi. Amma sassauta addu'ar, Hajiya."

"Don mi?"

"Ni ne. Ga noma ga kamun kifi, ina kashe abincina da hannuna. Shi ya sa ni na fara sa diga a ramin."

"To, na janye, Baba. Yanka mini tsakiya."