Garin da Ke Ƙarƙashin Ruwan Tiga

Ranar Lahadi da la'asar, a tashar motar Tiga, Malam Rufa'i ya jingine babur ɗinsa yana jiran matarsa ta sayo soyayyen kifi. Wani dattijo mai jiran motar Dangora ya ƙare masa kallo.

"Malam, hula sabuwa fil, ga ƙamshin turare. Ɗaurin aure za a je?"

"A'a, Baba, bakin dam zan kai iyalina."

"Shan iska? Da furfurarka? Mu kallonmu kalankuwa ce bayan girbi, sai dambe. Kai kuma ka ɗauko na 'yan boko."

Kunya ta kama Rufa'i. "Ita ce ke so. Duk Lahadi sai mun je."

"To me ake kallo a ruwa? Ko ganga ake kaɗawa a ciki?"

"Garinsu ne ruwan ya cinye. Nuna min take yi: nan gidansu, nan kukar da nake tsayawa in aika a kira ta."

Dattijo ya sunkuyar da kai, sannan ya ce:

"In kun je, ta nuna maka rijiyar masallaci. Gidanmu na dab da ita."