Zuman da Ya Kusa Fidda Ɗiyata daga Lakkwal

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa, manya da yara. Salamarsa ta zauna bisa kowane gida da ke nan.

Galibinku kun san ni. Ni ne Yahaya mai garkar albasa can bakin fadama, hanyar Madawa. Kun kuma san bakina ya fi kunnena aiki. Na ga wasu na dariya. Ku yi abinku, ai gaskiya ce. Fasto ya daɗe yana ce mini in tashi in ba da shaida bisa lafiyar ɗiyata Rahila, ina ta zillewa, don labarin bai yi mini kyau ba ko kaɗan. Allah ya yi aikinsa sarai. Ni ne na tare masa hanya, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Rahila ita ce autarmu. Tana ajin ƙarshe na kolej, ajin da ake jarrabawar fita, wadda ake kira birbe. Tun bara cikinta ya fara damunta. Ta ci abinci, ba a jima ba ciki ya kumbura ya yi tauri, ya dinga ƙugi, sai murɗa, sai zawo. A aji ba ta iya zama. Ta ɗaga hannu ta roƙi mushe, wato malaminsu, ta fita makewayi, ta dawo, ta sake ɗaga hannu. Kun san yara da baki. Sunka sa mata suna, wanda ba zan maimaita shi a ɗakin Ubangiji ba. Yarinya budurwa, mai kunya, ina za ta sa kanta? Sai ta fara fashi. Daga fashin kwana ɗaya, ya koma na mako, har ta daina zuwa gaba ɗaya.

Diraktan lakkwal, wato shugaban makarantarsu, ya aiko a kira ni. Mutumin kirki ne, bai yi mini faɗa ba. Ya ce ya yi haƙuri iyakar yinsa, amma in ba ta koma aji ba bayan hutun Ista, dole ya cire sunanta, kuma ba za ta zauna jarrabawa ba. Cikin 'ya'yana duka ita kaɗai ta kai wanga aji.

Uwarta Saratu ta kai ta gidan likita ba sau ɗaya ba. Anka yi awon jini, anka yi awon bayan gida, anka ba ta maganin tsutsar ciki, ta shanye, shiru. Daga baya majo, wata mata mai haƙuri da ke shugabantar wurin, ta yi shawara da lokotoro, babban likita, sunka ce mai yiwuwa ba cuta ce ta shiga cikin ba, wani abinci ne cikin ba ya ɗauka. Ta ce akwai masu hanjin da ba ya iya shanye zaƙin da ke cikin 'ya'yan itace da makamantansu. Sai zaƙin ya zauna ciki ya yi tsami, ya tara iska, ya ja ruwa. Hanyar ganewa, in ji ta, ita ce a janye duk abin da ake zato na 'yan makonni. In ciki ya lafa, sai a dinga maido su ɗaya bayan ɗaya, a ga wanne ne zai tada shi.

Ran da anka faɗi wannan ban je ba, ina garka ana ban ruwa. Da yamma na dawo a gajiye, Saratu ta kawo mini ruwa, ta zauna tana lissafa mini abin da majo ta hana. Ta ce mangwaro, na ce to. Ta ce dabino, na ce to. Lemun kwalba, nono, burodi, duk na ce to. Sai ta ce albasa.

Kai! Nan fa na tashi tsaye.

Na ce, "Albasa? Albasar da ta ci da mu, ta tufatar da mu, ta sa yarinyar lakkwal? Kakana ya noma ta, ubana ya noma ta, wa ta taɓa kashewa? A gidan manomin albasa za a ce a yi miya ba albasa?"

Saratu, da ke kirana da sunan ɗanmu, ta ce, "Baban Ishaya, ka bari in ƙare, da saura."

Na ce, "Riƙe sauranki. Ku yi abin da kunka ga dama, ni dai na ji isasshe." Na shuri takalmina na fita.

'Yan'uwa, kalma ɗaya ta rage mata. Kalma ɗaya tak! Da na yi shiru na ɗan lokacin da mutum zai haɗiye yawu, da ban tsaya gabanku yau da wanga nauyi ba.

Saratu ta bi maganar majo kamar yadda anka ce. Tukunya biyu take ɗorawa kullum, tamu da ta Rahila. Tuwon gero da miyar kuka ba albasa, shinkafa da mai, ƙwai, ɗan nama in an samu. Ga hayaƙi, ga zafi, ga neman itace na murhu biyu, ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Ni kuwa na ce a raina, su yi nasu, in yi nawa. A gidanmu, tun muna yara, in ciki ya murɗa ubanmu zuma yake damawa da ruwan ɗumi ya ba mu. Ku ma kun sani, a ƙasar nan ba mai lissafa zuma cikin abinci. Magani ne. Mai jego a ba ta, mai tari a ba shi, wanda ya ƙone a shafa masa. Na sa wani ɗan kasuwa ya kawo mini mai kyau daga kudu, cike da kwalba, ba haɗi. Kowace safiya, in Saratu ta tafi famfo ɗibar ruwa, kafin in wuce garka, sai in dama cokali biyu a kofi, in tada Rahila, in ɗora hannuna bisa kofin in yi addu'a, in ba ta ta sha. Ba ɓoyewa nake yi ba, Allah shaida ne. Lokacin ne kawai nake gida, kuma ban ga abin faɗi ba cikin uba ya ba ɗiyarsa magani.

Makonni sunka wuce, ciki bai lafa ba. Wata rana ma ya fi da. Yarinya ta rame, wuyanta ya fito, idanunta sunka faɗa. Hutun Ista yana matsowa.

To mi kuke zato na yi? Na juya kan uwarta. Na ce ai ga irinta nan, an hana yarinya abincin kirki a banza. Wata rana kuma na juya magana, na ce ko dai ita ce ke saka mata wani abu a ɓoye don tausayi. Gaban Rahila na faɗi haka. Saratu ta dube ni, ta ɗauki muciyarta ta koma murhu tana share ido da bakin zane. Na gani sarai, na yi kamar hayaƙi ne ya sa ta hawaye. Wayyo, ni Yahaya! Matar da ke tsaye kan gaskiya ita na ɗora wa laifi.

Wata ranar Laraba ina cikin garka, rana ta take, na kasa aikin. Na bar ruwa na gudu cikin fangali, na durƙusa nan cikin laka. Addu'ata ta kullum ta ba Allah umarni ce, ka yi kaza, ka yi kaza. Ran nan ban da sauran wayo. Na ce, "Ya Yesu, na ƙare. Ban san abin da ke cin yarinyar nan ba. Ka nuna mini shi. Ko mi ne ne, ko albasar tawa ce, na yarda, zan fidda shi daga gidana." Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar uwata.

Washegari da safe famfo ya lalace. Saratu ta dawo da bokiti wayam, ta same ni tsaye, hannuna bisa kofi, Rahila na zaune bakin tabarma tana jira.

Ta ce, "Mi ne ne cikin kofin nan?"

Na ce, "Zuma ne. Magani."

Bokitin ya kuɓuce daga hannunta. Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ran da kunka fara naku."

Ta ɗora hannu biyu a ka. Ta ce, "Baban Ishaya, zuma ne abin da ya rage in faɗa maka ran nan. Majo ta ce ya fi duk sauran, ko lasa kada ta yi."

Na juya wajen Rahila, don ai da ita anka je gidan likita, da kunnenta ta ji. Na ce, "Auta, kin san an hana ki?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Na sani, Baba."

"To don mi ba ki faɗa mini ba? Don mi ba ki gaya wa uwarki ba?"

Ta ce, "Baba, kai ne ke ba ni da hannunka, kuma ka yi addu'a a kai. Na ga yadda kake duban fuskata in na sha. In na gaya wa Inna kuma, faɗa za ku yi."

'Yan'uwa, ku ji fa. Yarinyar nan ta san abin da kofin zai yi mata kafin rana ta ɗaga, amma ta karɓa da hannu biyu ta shanye, kullum, don kada ta ɓata wa ubanta rai. Zafin raina ne ya rufe mata baki. Ni na roƙi a nuna mini abin da ke cutar ɗiyata, anka nuna mini hannuna riƙe da kofi.

Na zauna ƙasa dirshan. Na roƙi Saratu gafara, na roƙi Rahila gafara. Saratu ta ce ya wuce, amma ta ƙara da cewa, "Gobe kai za ka kai ta wurin majo, ka ji da kunnenka." Na je. Na zauna bisa benci na yi shiru har majo ta ƙare maganarta, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Ba ta zage ni ba. Ta ce ba ni ne na farko ba, a sake daga farko.

Munka sake. Wannan karon ba a daɗe ba ciki ya fara kwanciya. Ƙugin ya ragu, zawon ya tsaya, yarinya ta fara neman ƙari a akushi. Sannan munka shiga maido da abinci ɗaya ɗaya, ana ba da tazara tsakani, majo na bin sawu. Anka maido nono, lafiya lau, ta koma shan furarta. Anka gwada mangwaro, kafin la'asar ciki ya kumbura, munka gane. Dabino haka, lemun kwalba haka. Burodi kaɗan ba ya komai. Albasa kuwa, ɗanya ba ta yi mata, amma in an soya ta cikin mai anka tsame, miyar ba ta damunta. Zuma ko gwadawa ba mu yi ba, ai ni na riga na gwada shi fiye da kima.

Ina roƙonku, kada wani ya koma gida ya ce abin da ya sami Rahila shi ke damun nasa yaron, ya hana shi abinci da ka. Ciki ba iri ɗaya ba ne. Ku je gidan likita a duba, kuma in ana muku bayani ku ji shi har ƙarshe.

Ran da anka koma lakkwal bayan Ista, Rahila ta sa tufafinta ta ɗauki jakarta ta tafi. Na ce zan wuce garka, amma ƙafata ba ta kai ni can ba. Na je na laɓe bayan katangar lakkwal, gindin wata itaciyar bedi, inda nake hango hanyar da ta tashi daga ajinsu zuwa makewayi. Duk yaron da ya fito sai in miƙa wuya in duba. Wannan ya fito, ba ita ba. Waccan ta fito, ba ita ba. Ina tsaye ina addu'a cikin raina, albasata na can na jiran ruwa, ban damu ba. Har anka buga ƙarfen tashi na tsakar rana, Rahila ba ta fito ba.

Sai ga ta cikin ƙawayenta, suna tafe suna dariya. Ta hango ni, ta rugo, ta ce, "Baba, lafiya? Mi kake yi nan?" Na buɗe baki, ni mai surutun nan da kunka sani, magana ta ƙi fita.

Sunanta na nan cikin masu zama jarrabawa wata mai zuwa. Ku sa ta cikin addu'a. Ku sa ni ma, don ita da uwarta sun yafe mini tuni, ni ne har yanzu nake koyon karɓar gafarar. Na gode wa Yesu da ya ji kukan mutum irina, ya kuma ba ni amsar da ban so ji ba. Duk mai nauyi a zuciya yau, ya kai masa, ya dogara gare shi, in ya amsa kuma a saurara. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.