Jan Zane a Ranar Masoya

A tashar Maraɗi ne, muna jiran motar Jiratawa ta cika. Wani dattijo ya dubi matar da ke zaune kusa da shi, ta ɗaura jan zane.

"Baiwar Allah, ke ma kin bi yaran zamani? Yau duk gari ja ake sawa, wai ranar masoya."

"Ni ban ma san da ita ba, Malam. Wanda hannuna ya kai gare shi na ɗauka. Wai ina suka samo ta?"

"Na karanta labarin sa'ad da nake koyarwa a lakwal ɗin Tibiri. An ce wani sarkin Rum ne ya hana sojojinsa aure. Wai soja mai mata, in wuta ta yi wuta, gida yake tunawa, sai ya ja da baya. Shi ne wani limamin Kirista, Balantan, ya riƙa ɗaura masu aure a ɓoye, har aka kama shi aka kashe."

"Sarkin nan bai san soja ba."

"Ke kin san su?"

"Na auri ɗaya. Shi ya sayo mani zanen ga da zai tafi. Abokansa da suka zo gaisuwa sun ce ko taku ɗaya bai ja ba."

"Allah ya jiƙansa. Ki gafarce ni. Amma kin gani, namiji ne, ya ƙaryata sarkin."

Ta gyara bakin zanen a gwiwarta.

"Malam, da ma sarkin ne ya yi gaskiya."